Kiran ayarin rediyo ta kwamfuta: ƙa'idojin da mai sha'awa a Illela ya kamata ya sani

A Illela da Birnin Ƙonni da Malbaza, rediyo ba baƙon abu ba ne. Dattawa da dama sun girma suna murɗa akwatinsu da asuba da kuma bayan isha'i, suna neman BBC, wadda ta soma shirin Hausa a 1957, ko Muryar Jamus ko Muryar Amurka a gajeren zango. Sun san abin da ake nufi da mita 16 ko mita 19 ko mita 25. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsakankanin waɗannan mitoci akwai wasu ƴan filaye da dokar duniya ta keɓe wa mutanen da ke da lasin yin magana da junansu daga ƙasa zuwa ƙasa, ba don ciniki ko siyasa ba, sai don sha'awa da koyon fasaha. Su ne ƴan rediyon sha'awa, waɗanda ake kira radioamateurs da Faransanci. Ƙungiyarsu ta duniya, IARU, an kafa ta a birnin Paris ranar 18 ga Afrilun 1925.

Kowane ɗaya daga cikinsu yana da alamar kira, wato haruffa da lambobi da hukumar ƙasarsa ta ba shi. Farkon alamar shi ke nuna ƙasa, bisa rabon da hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai zama a Geneva, ta yi. Nijar ta samu 5U, Najeriya kuwa an fi saninta da 5N. Ke nan mutumin Ƙonni da mutumin Illelar Najeriya, da ke ƴan kilomita kaɗan a ƙetaren iyaka, ko da suna cin kasuwa ɗaya, a iska ƙasashe biyu ne daban.

Me ke kawo ayari?

Ƙungiyar ƴan rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, tana da wata takardar yabo mai suna DXCC da take bai wa duk wanda ya tabbatar ya yi magana da ƙasashe ko yankuna 100. Jerin nata yana ɗauke da wurare 340, har da tsibiran da babu kowa a cikinsu. Wasu wuraren, kamar Jamus ko Japan, cike suke da masu lasin, samunsu babu wuya. Wasu kuwa sai a shekara ba a ji motsin kowa ba. Don haka ne wasu ke haɗa kuɗi, su ɗauki rediyo da eriya da janareta, su nemi izinin hukuma, su je irin waɗannan wurare su zauna mako ɗaya ko biyu suna amsa kira dare da rana. Wannan shi ne ayarin rediyo.

Nijar tana cikin ƙasashen da masu lasin ba su da yawa, shi ya sa ayari ke zuwa mata. A farkon shekarun 2000 wani ayarin ƴan Italiya ya yi aiki daga ƙasar. A watan Maris na 2017 wani ayarin da ƴan Sifaniya suka jagoranta ya kafa tasha a Yamai da alamar 5U5R, kuma dubban mutane daga nahiyoyi daban-daban suka yi ta kiransa. Akwai wuraren da suka fi Nijar wuyar samu nesa ba kusa ba. Tsibirin Bouvet, mallakar ƙasar Norway, can ƙarshen kudancin tekun Atlantika, ƙanƙara ta rufe kusan dukkansa. Ayarin da ya je can a watan Fabrairun 2023 da alamar 3Y0J ya kashe ɗaruruwan dubban daloli, kuma iska da igiyar ruwa suka hana shi sauke mafi yawan kayansa, ya yi ƴan kwanaki kawai a kan tsibirin da ƙananan na'urori.

A nan matsalar take. Tasha ɗaya ce, kwanakinta ƙidayayyu ne, masu nemanta kuwa dubbai. Idan kowa ya yi kira yadda ya ga dama, babu wanda zai samu. Lamarin ya yi kama da famfo ɗaya a unguwa lokacin bazara: in aka jera jarkoki aka bi layi, kowa zai koma gida da ruwa, in kuwa aka yi turereniya a bakin famfon, sai ruwan ya zube a ƙasa. Duk ƙa'idojin da za a zayyana a ƙasa bin layi ne, sai dai layin a iska yake.

Yadda FT8 ke aiki

A da, ana kiran ayari da murya, ko da bugun Morse, ko da wata tsohuwar hanyar aika rubutu da ake kira RTTY. Tun 2017 al'amarin ya sauya da fitowar FT8. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro ta a Amurka: Joe Taylor, masanin kimiyyar jami'ar Princeton da ya samu lambar yabo ta Nobel a 1993, da Steve Franke. Haruffan F da T daga sunayensu suka fito, lamba 8 kuwa yawan sautukan da ake amfani da su ne. Tana cikin wata manhajar kwamfuta mai suna WSJT-X da ake saukewa kyauta.

Ana haɗa kwamfuta da rediyo da waya. Kwamfutar ta juya ɗan gajeren saƙo zuwa wani siririn sauti mai kama da fito, rediyon ya watsa shi, kwamfutar da ke can wata ƙasa ta mayar da sautin rubutu. An raba kowane minti gida huɗu, daƙiƙa 15 kowane. Ɓangare ɗaya ya aika na kimanin daƙiƙa 13, ya yi shiru, ɗayan ya amsa a zagaye na gaba. Faɗin da kowace sigina ke ci a iska haz 50 ne kacal, don haka tashoshi da yawa kan jeru a filin da murya ɗaya za ta cika. Babbar fa'idarta ita ce kwamfuta na iya tsamo saƙon da ya yi raunin da kunnen mutum ba zai ji komai ba sai shuuu. Wannan ne ya sa mai ƙaramin rediyo da waya ɗaure a kan bishiya, da batir da farantin hasken rana, zai iya kai wa Japan ko Brazil in yanayin sama ya yi kyau.

Ba hira ake yi da FT8 ba. Saƙon bai wuce alamar kira biyu da ɗan ƙarin bayani ba. Mai kira yakan aika alamar ayarin, da tasa alamar, da lambar yankin da yake a taswirar da ƴan rediyo suka raba duniya gida-gida. A wannan taswira Illelar Nijar da birnin Tawa suna cikin gidan JK24, Birnin Ƙonni da Illelar Najeriya suna JK23, Yamai kuwa JK13. Ayarin ya amsa da lambar da ke nuna ƙarfin siginar da ya ji, misali -12. Mai kira ya mayar da tasa da harafin R a gaba, misali R-09, ma'ana ya ji. Ayarin ya rufe da RR73. Lambar 73 tsohuwar gaisuwar ban kwana ce ta masu bugun waya. Shi ke nan, an gama cikin kamar minti ɗaya.

Yanyawa da karnukan farauta

A 2018 aka ƙara wa manhajar wani tsari na musamman don ayari. Masu ita suka raɗa wa tashar ayarin suna Fox, wato yanyawa, masu nemanta kuma Hound, wato karen farauta. Babban ayarin da ya fara gwada shi shi ne na tsibirin Baker da ke tekun Pasifik, mai alamar KH1/KH7Z, a tsakiyar wannan shekara. A tsarin, yanyawa na iya aika sigina har biyar a lokaci guda, kuma a sigina ɗaya tana iya sallamar wani tana amsa wa wani. In komai ya daidaita, tana iya kai wa mutum 500 a awa ɗaya. Amma sai in karnukan sun kiyaye waɗannan abubuwa.

Na farko, karanta sanarwar ayarin. Kowane ayari kan bayyana tun kafin ya tashi mitocin da zai yi aiki da kuma tsarin da zai bi. FT8 ta yau da kullum tana da wuraren da aka saba, kamar kilohaz 14074 a mita 20, da 7074 a mita 40, da 21074 a mita 15. Yanyawa ba ta zama a nan, domin za ta danne masu harkarsu ta kullum, kuma manhajar ma ba ta yarda a kunna tsarin yanyawa a kansu ba. Wanda ya tsaya yana kiran ayari a 14074 alhali ayarin yana wani wuri, ya ɓata darensa, ya kuma cika wa wasu kunne.

Na biyu, daidaita agogo. Tun da komai a kan daƙiƙa 15 yake tafiya, agogon kwamfutar bai kamata ya kauce da fiye da daƙiƙa ɗaya ba. In ya kauce da yawa, ba za ta karanta saƙon kowa ba, ba kuma wanda zai karanta nata. Galibi intanet ke daidaita agogon. A garuruwan da layin salula kan ɗauke, ƙaramar na'urar GPS da ake soka wa kwamfuta tana yin wannan aiki ba tare da intanet ba. Akwai kuma batun awa: ƴan rediyo na duniya da agogon UTC suke aiki, wanda Nijar ta riga da awa ɗaya. In ayari ya ce ƙarfe 18 zai fito, a Illela ƙarfe 7 na yamma ke nan.

Na uku, sanin zagayen kowa. Yanyawa tana aikawa a farkon minti da kuma daƙiƙa ta 30. Karnuka suna da daƙiƙa ta 15 da ta 45. Wanda ya aika a zagayen yanyawa ya yi laifi biyu: shi bai ji amsarta ba domin rediyonsa na watsawa, ya kuma iya rufe ta ga maƙwabtansa.

Na huɗu, sanin filin kowa. A allon manhajar ana ganin fili mai faɗin haz dubu uku zuwa huɗu. Ƙasa da haz 1000 na yanyawa ne, ita tana zama tsakanin 300 da 900. Masu kira su tsaya sama da 1000, kowa ya duba inda babu cunkoso ya zauna. Yanyawa ba ta kula kiran farko da ya zo daga ƙasa da 1000. Sai ta amsa wa mutum tukuna manhajarsa za ta sauko da shi ƙasa da kanta, ya aika saƙonsa mai harafin R a inda babu hayaniya, ya karɓi RR73, ya bar wurin. Don haka dole mai kira ya zaɓi Hound a cikin manhajar kafin ya fara, kuma an fi so kwamfutar ta riƙa juya mitar rediyon da kanta.

Na biyar, kuma shi ne wanda aka fi karyawa: wanda bai ji yanyawa ba, kada ya kira ta. Mutum kan ga a intanet cewa ayari ya fito a mita kaza, sai ya hau kira alhali babu ko layi ɗaya na ayarin a allonsa. Yana iya yiwuwa ayarin ya ji shi, musamman in yana da ƙarfin watsawa. Sai yanyawa ta amsa masa sau biyu, sau uku, shi bai sani ba, kafin ta haƙura ta wuce. Lokacin da aka ɓata a kansa ya isa a sallami wasu mutane. Akwai wani dalilin kuma. In yanyawa ta raba ƙarfinta ga sigina biyar, kowace takan yi rauni ƙwarai fiye da in ɗaya ce. Mai hankali kan jira ya ga yana karanta ta zagaye bayan zagaye kafin ya taɓa maɓallin aikawa.

Na shida, kada a maimaita. Ayari da yawa kan ɗora rajistarsu a shafin Club Log, inda mutum zai rubuta alamarsa ya ga ko ya shiga. Wanda ya riga ya samu ayari a mita 20 ta FT8 ba shi da dalilin sake kiransa a nan, sai dai ya nema a wata mitar. Kowace maimaitawa gurbin wani ce da bai samu ko sau ɗaya ba.

Na bakwai, mutum ya zauna a gaban na'urarsa. Manhajar kan dakatar da kira da kanta bayan ƴan mintuna in ba a amsa ba, sai mai ita ya sake kunnawa. An yi haka da gangan don kada wani ya bar kwamfuta tana ta kira ya tafi barci. ARRL ma ta shar'anta cewa sai da hannun mutum a kowane ɓangare kafin ta ƙidaya magana a DXCC.

Ba kowane ayari ke bin tsari ɗaya ba

Wasu ayarin suna amfani da wata manhajar mai suna MSHV, wadda wani ɗan ƙasar Bulgeriya ya rubuta. Ita ma tana aika sigina da yawa a lokaci guda, amma ba ta buƙatar mai kira ya sauko ƙasa da haz 1000, kuma tana iya aikawa a kowane zagaye. Alamar gane ta a allo ita ce ganin ayarin yana aikawa a daƙiƙa ta 15 da ta 45, ko yana zaune sama da 1000. A irin wannan hali FT8 ta yau da kullum ake amfani da ita, mutum ya zaɓi zagayen da ba na ayarin ba, ya kuma kauce wa inda siginarsa take.

A 2024 kuma aka fito da SuperFox, wadda ayarin tsibirin Jarvis mai alamar N5J ya yi aiki da ita a watan Agusta na shekarar. Sigina ɗaya ce mai faɗi, tana amsa wa mutum har tara a tashi ɗaya ba tare da raba ƙarfi ba, kuma dokar haz 1000 ba ta shafe ta ba. An kuma haɗa ta da wata shaida da ke nuna wa mai kira cewa ayarin na gaskiya ne. Dalili shi ne akwai ɓata-gari da kan ari alamar ayari su riƙa amsa wa mutane daga ɗakinsu, abin da ya dami masu neman Bouvet a 2023. Mutum ya yi murna ya samu, daga baya ya duba rajista bai ga alamarsa ba. Wanda ke da tsohuwar manhaja ba zai karanta SuperFox ba, don haka sabunta manhaja kafin ayari ya fito yana cikin shiri.

A RTTY, wadda har yanzu wasu ayarin ke amfani da ita, ƙa'idar ta fi sauƙin faɗi. Ayarin yana aikawa a mita ɗaya, yana saurare a sama da ita da kilohaz ɗaya ko fiye, yakan rubuta UP don sanarwa. Mai kira ya aika alamarsa kaɗai, sau ɗaya ko biyu, ya yi shiru. In ayarin ya kira wani, kowa ya dakata har su gama. In ya ce Afirka kaɗai yake nema a wannan lokaci, na Turai su jira, haka kuma in ya ce Japan, na Afirka su jira.

Zafi da ƙarfin wuta

Akwai abin da ya shafi yankin Tawa musamman. A FT8 rediyo kan watsa da cikakken ƙarfi na tsawon daƙiƙa 13 ba hutu, ba kamar murya ba da ke hawa tana sauka. Wannan kan sa na'ura ta ɗau zafi sosai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, rage ƙarfin watsawa da sa fanka kusa da rediyon kan tsawaita ransa, ya kuma rage cin batir. Haka nan in aka ƙure sautin da ke fita daga kwamfuta zuwa rediyo, siginar kan fantsama ta ɓata wa na kusa da ita. Ƙara ƙarfi ba ya maye gurbin eriya mai kyau da zaɓen lokacin da ya dace, kamar fitowar rana da faɗuwarta, sa'adda wasu mitocin kan buɗe zuwa nesa.

Lasin kafin komai

Duk wannan bayani bai halatta wa kowa watsa sigina ba tare da izini ba. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da harkar sadarwa da mitoci, kuma duk mai niyya wajenta ya kamata ya fara nufa. Ayarin da ke zuwa daga waje ma sai da takardar hukuma suke kafa eriya, kuma ARRL kan iya neman ganin takardar kafin ta amince da aikinsu. A wannan zamani da ake fama da matsalar tsaro a yankunan iyaka, wanda ya kafa doguwar eriya ba takarda ya jawo wa kansa tuhuma, ya kuma ɓata sunan harkar ga na bayansa. Yana da kyau mai lasin ya sanar da hukumomin garinsa da mai unguwa, ya nuna musu abin da ke fita a allonsa. Babu abin ɓoyewa a ciki: dokar ITU ta hana ƴan rediyon sha'awa sakaya ma'anar saƙonsu tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma duk mai manhajar a duniya yana karanta abin da kowa ya aika. Dokar ta kuma ƙarfafa ƙasashe su bar su su taimaka da sadarwa lokacin bala'i, sa'adda layukan tarho suka yanke.

Ɗalibin lise ko mai gyaran rediyo da salula a kasuwar Illela da ke son ganin yadda abin yake zai iya farawa da sauraro, wanda ba ya damun kowa a iska. Ana buƙatar rediyo mai kama SSB, domin akwatin gajeren zango na gida galibi ba ya yi, sai kwamfuta da manhajar. Akwai kuma rediyoyin da masu su suka jona da intanet don kowa ya saurara daga nesa. Mako guda na kallon yadda yanyawa ke sallamar mutane zai koya wa mutum fiye da dogon bayani.

Akwai dalilin da ya sa sanin waɗannan ƙa'idoji ya fi zama dole ga ɗan Nijar. Ranar da wani a Illela ya samu lasin ya aika kiransa na farko da alamar 5U daga gidan JK24, ba shi zai riƙa neman mutane ba, shi za a yi wa rubdugu. Allonsa zai cika da alamun Turai da Amurka da Japan cikin mintuna, kowa na son ya shiga rajistarsa, daga baya kuma su nemi ya tabbatar musu da katin shaida na QSL ko ta rajistar intanet ta LoTW. A lokacin shi ne mai riƙe da bakin famfon, kuma sai ya san yadda ake bin layi kafin ya iya tsara shi ga wasu.